Dutsen Emilia da Tururuwar Tagwai

A kasuwar Fadan Kagoma, idan mai sayen citta ya rataya sikelinsa a reshen mangwaro ya hango wata doguwar mace tana tahowa da daro a ka, to ya san yau sai an auna dutse kafin a auna citta. Emilia ke nan, matar Jonathan. Gonarsu ta citta tana bayan gari, kuma duk wanda ya san ta ya san dutsen nan.

Ɗan dutsen niƙa ne na uwarta, baƙi, ya yi sulɓi saboda hannu. Wata shekara ta lura buhu ɗaya da ta cika da hannunta yana yin nauyi a wurin wannan mai saye, ya yi sauƙi a wurin wancan. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta ɗauki dutsen ta shiga motar kasuwa zuwa Kafanchan, ta auna shi a wurin awon kaya na tashar jirgin ƙasa, ta auna a disfensarin mishan, ta auna a wurin wani mahauci. Biyu suka ce laba bakwai, na mahauci ya ce bakwai da rabi. Ta riƙe maganar biyun. Daga ranar, sikelin da ya ce dutsenta bai kai bakwai ba, cittarta ba ta hawa kansa. Masu saye suna yi mata tsiya, suna tambaya ko dutsen ma na sayarwa ne. Takan ce a'a, shi ya zo auna su ne. Karatunta bai wuce na ajin manya a majami'a ba, wanda ya ishe ta karanta Zabura da lambobin sikeli, amma matan ƙauyen kan jira ta gama kafin su sauke nasu kayan.

Abu ɗaya ne a rayuwarta ba ta taɓa aunawa ba.

Ɗanta na fari, Silvanus, an haife shi tana da shekara ashirin. Yaro ne mai yawan kuka, sai tsofaffin gidan suka ce a gwada nonon uwar. Gwajin sananne ne: a tatsi nono kaɗan a ludayi, a jefa tururuwa a ciki. Idan ta fito da ranta, nono lafiya yake. Idan ta mutu, yana da dafi, kada yaro ya ƙara sha. Tururuwar Emilia ta mutu. Aka cire Silvanus daga nono aka koma ba shi kunu da madarar akuya, aka riƙa ɗura wa uwar jiƙon ɓawon itace mai ɗaci don a wanke nonon. Bai cika wata biyu ba ya tafi. Afiniki, wadda ta biyo shi, ta zo ne ana tsakiyar haƙar citta, babu wanda ya sami sukunin neman tururuwa. Ta sha nono ta yi ƙiba. Emilia ta ce jiƙon ne ya yi aiki, ta gode wa Allah, ta ajiye maganar a inda ba a taɓa ta. Shekara ashirin da shida tana ɗauke da cewa nononta ne ya kashe ɗanta.

A 1977 Afiniki ta haihu a Kafanchan. Mijinta Martins fita ne, mai gyaran injin jirgi a reluwe, suna zaune a kwatas, ɗaki biyu da baranda. Emilia ta je suna, ta ga jikanta Kumai, ta sa aka karanta mata katinsa na asibiti: laba bakwai cif. Ta yi dariya ta ce ashe dutsenta aka haifa. Da yake lokacin shukar citta ne, ga kuma aikin rufe kunyoyin gona da ganye, sai ta koma gida ta bar mai jego a hannun uwar Martins, mai suna Tagwai, wadda ta zo daga Nok. Su biyun sun saba. Emilia yaren Kagoma take yi, Tagwai kuma na Jaba, don haka da Hausa suke gaisawa, da ita suke tsokanar juna.

Mako huɗu bayan nan direban motar kasuwa ya tsaya a bakin gonar ya ce ana nemanta a Kafanchan, yaro ba lafiya. Ta wanke ƙafa, ta sa zane biyu da garin tamba a daro. Dutsen yana ciki tun kasuwar da ta wuce, ba ta tsaya fitar da shi ba.

Da ta ɗaga Kumai, hannunta ya gaya mata kafin kowa ya buɗe baki. Hannun da ya shekara talatin yana ɗaga citta ba ya ɓata nauyi. Yaron bai kai dutsen ba. Maɗigarsa ta faɗa, fatar cikinsa ta yi yaushi, kukansa kamar na ɗan kyanwa. Afiniki tana zaune a bakin gado, gaban rigarta a jiƙe, ba ta iya kallon uwarta.

Bayani uku Emilia ta ji a yinin nan, babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

Tagwai ta ce yaron ya yi ta kuka tun mako na biyu, ta gwada nonon, tururuwa ta mutu a gaban idonta. Kwana goma sha biyu ke nan da ta hana shi sha, ta sa Afiniki tana tatsewa tana zubarwa a rami bayan gida. Zawon da yake yi yanzu, in ji ta, ragowar dafin ne ke fita. Ta ƙara da cewa, cikin murya ƙasa-ƙasa, an san irin wannan abu yana bin jini.

Martins ya ce shi bai yarda da zancen tururuwa ba, amma bai ga asara ba, tunda madarar gwangwani ta fi nono gina jiki. A rediyo ake faɗa kullum, kuma 'ya'yan manyan ma'aikata ita suke sha. Ya nuna mata kwalbar shan madarar, mai bakin roba, kamar mai nuna sabon agogo.

Na uku Eli ne, mai kemis, shagon magani a bakin kasuwa, wanda Martins ya kai ta wurinsa don ta ji da kunnenta. Eli ya ce zawon alama ce madarar ta yi wa yaron ƙarfi, shi ya sa ya ce a rage gari a ƙara ruwa. Ya kuma ba da kafso mai launi biyu, a fasa a zuba rabi a kwalba. Emilia ta tambaye shi yara nawa ya yi wa haka. Ya ce ba su ƙirguwa, kuma iyayen duk suna dawowa wurinsa.

"Suna dawowa don yaran sun warke, ko don ba su warke ba?"

Eli ya ce wa Martins surukarsa lauya ce. Emilia ta ce a'a, citta take sayarwa.

A gida ta sa Martins ya karanta rubutun jikin gwangwanin ya juya mata da Hausa, layi-layi. Gwangwani ya ce cokali kaza, ruwa kaza, kuma ruwan tafasasshe, kwalbar ma a tafasa ta. Ta tambayi Afiniki yadda suke yi. Rabin garin suke sawa tun da Eli ya faɗa. Ruwan famfo ne idan ya zo, idan bai zo ba na rijiya, kwalbar kuwa ɗauraye ta ake yi kamar sauran kwanuka. Emilia ta ce ashe ko gwangwanin da mai sayar da shi bakinsu bai zo ɗaya ba.

Washegari da safe ta goya Kumai da kanta, Afiniki na biye, suka tafi asibitin awon jarirai. Saboda yadda yaron ya galabaita, aka wuce da su gaban layi. Sista Hellen ce a kan aiki, gajeruwar mace mai tabarau, mai maganar da ba ta jiran amsa. Ta miƙa hannu za ta karɓi yaron ta ɗora a sikeli, sai Emilia ta ce a dakata. Ta kwance ɗaurin da ke hannun Afiniki ta fito da dutse.

Matan da ke kan benci suka fashe da dariya. Wata ta tambaya ko shi ma allura za a yi masa. Sista ta kalli dutsen ta saman tabarau, ta kalli Emilia, ta ce a shekara goma sha ɗaya na aikinta ba a taɓa kawo mata jariri mai haƙuri irin wannan ba. Amma ta ɗora shi. Laba bakwai. Emilia ta gyaɗa kai ta miƙa jikanta. Laba biyar da rabi da 'yan kai. Dariyar benci ta tsaya.

Sista ba ta ɓata lokaci ba. Ta karɓe kafson ta jefa a kwandon shara. Ta haɗa tafasasshen ruwa da sukari da ɗan gishiri, ta nuna wa Afiniki yadda za ta riƙa ba shi da cokali, kaɗan-kaɗan, ba tsayawa. Sannan ta ce a mayar da shi kan nono yau ɗin nan, babu wani dafi a nonon uwa, zancen tsofaffi ne.

Idon Emilia yana kan bangon da ke bayan Sista, inda aka rataya kalanda mai hoton wani jariri ƙato, kumatu kamar gurasa, yana rungume da gwangwani irin na gidan Martins.

"Sista, wa zan ji? Ke, ko bangonki?"

Sista ta waiwaya. Ta gyara tabarau ta ƙura wa hoton ido. Ta ce kyauta aka kawo kalandar, ita kwanan wata kawai take dubawa. Emilia ta ce ita da ba ta iya Turanci ba hoton take karantawa, haka ma rabin matan da ke zaune. Sista ta miƙe ta juya kalandar ta fuskanci bango.

Duk da haka maganar nonon ba ta shiga Emilia ba. Ta ce ita ta ga tururuwa ta mutu a nononta da idonta, ta kuma binne yaro. Sista ta ce ta yi mata ta'aziyya, amma abin da aka koya musu ke nan, kuma ga layi yana jira. Emilia ta fito da magana ta huɗu a kan ukun jiya. Ta fi son ta Sista, kuma wannan son ne ya sa ta ƙi sakin jiki da ita. Idan Sista ta yi kuskure, Kumai ne zai sha dafin. Idan Tagwai ce ta yi kuskure, Kumai ne ke mutuwa da yunwa nono na zuba a rami.

A hanyar komawa, wajen tsallaka layin dogo, ɗaurin dutsen ya goge ta a ƙugu. Ta tsaya cak har Afiniki ta tambaye ta ko ƙaya ta taka. Ta auna sikelin 'yan citta, ta auna na mahauci, yau ta auna na asibiti. Tururuwa ma ai sikeli ce. Wa ya taɓa auna ta?

Da suka isa gida ta bar Afiniki da cokali da ruwan gishiri, ta tambayi Tagwai a cikin me ta yi gwajin. Tagwai ta nuna kabad, inda kofunan tangaran na auren Martins suke jere, farare masu zanen fure. Ta ce ta nemi ludayi a gidan nan ba ta samu ba, gidan 'yan boko ne, kuma ba ta so ta je aro a ce uwar ma'aikacin reluwe ta zo da ƙauyanci. Emilia ta ɗauki kofi ɗaya ta shafa cikinsa da yatsa. Sulɓi kamar dutsenta. Wani tsohon tunani ya zo mata, ta danne shi, don ba lokacinsa ba ne.

Ta leƙa gidan da ke jikin nasu. Martha, matar wani direban jirgi, tana da yaro ɗan wata biyar wanda duk kwatas ke kira Buhu, nono kaɗai yake sha. Emilia ta roƙe ta nono cokali huɗu da aron ludayi. Martha ta ce ta ji ana aron gishiri da ashana, wannan kam sabo ne, amma za ta bayar idan za a bar ta ta kalla.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarma a baranda. Martins ya dawo daga aiki da baƙin mai a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa maƙwabta na kallo. Emilia ta ce su kalla. Ta jera kofi uku: nonon Martha a ɗaya, madarar gwangwani a ɗaya, ruwan rijiya a ɗaya, kowanne daidai yadda Tagwai ta ce ta zuba ranar. Ta ce Tagwai ce za ta zaɓo tururuwar da hannunta daga gindin gwaiba, kada a ce an kawo marasa lafiya. Kuma ba ɗaya-ɗaya ba, biyar-biyar, don ko mai sayen citta ba a yanke masa hukunci da awo ɗaya.

Tagwai ta ce ita ba ta zo Kafanchan a mai da ita abin wasa ba. Emilia ta ce, "Maman Martins, jikanki ne, jikana ne. Idan tururuwa ta yi gaskiya, ni da kaina zan haƙa ramin zubar da nonon." Tagwai ta ɗauki tsinken tsintsiya ta tafi gindin gwaiba.

A kofin nonon Martha, tururuwa biyar suka yi ta iyo, suna kai wa gefe suna zamewa. Ɗaya ta samu ta haye kan 'yar'uwarta ta fita. Huɗu suka mutu. Martha ta dafa ƙirji ta ce ashe wata biyar tana ba Buhu guba, shi ya sa ya kumbura. A madarar gwangwani duka biyar suka mutu. Emilia ta kalli Martins, shi kuma ya sami abin kallo a tafin hannunsa. A ruwan rijiya, wanda kowa a wurin ya sha ranar, huɗu suka mutu.

Tagwai ta ce tururuwar gari ce, ba ta da ƙarfi irin ta Nok.

Emilia ta ce to a gwada ƙarfinta. Ta kira Afiniki ta tatso abin da ya samu, bai fi cokali biyu ba, aka zuba a ludayin Martha, tsohon ludayi mai kaushin ciki. Tagwai ta jefa biyar. Kafin a ƙirga ashirin ta farko ta kama gefe ta hau, ta tsaya a baki tana share ƙafafu. Ta biyu ta biyo. Ta uku, ta huɗu. Ta biyar ta juya ta juya, ta tsaya.

Tagwai ta nuna ta da tsinke. Ta ce ga shi nan, ɗaya ta mutu.

Emilia ta yarda ɗaya ta mutu, ba ta yi gardama ba. Ta wanke ludayin ta zuba sauran nonon Martha, aka sake jefa biyar. Uku suka fita, biyu suka mutu. Martha ta ce shi ke nan, ita ce babbar mai dafi a kwatas, a gaya wa mijinta ya yi hankali da shayinsa. Matan da suka taru a bakin baranda suka yi dariya, Buhu ma ya taya su daga bayan uwarsa.

Tagwai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon kofin tangaran da ludayin. Ta ɗauki kofin ta shafa cikinsa yadda Emilia ta yi. Da ta yi magana, muryarta ta sauka har sai da matan suka yi shiru.

"Kofi ne ke nan. Ni na kawo wa yaron nan wannan."

Emilia ta matsa kusa da ita a kan tabarma. Abin da ta danne tun rana ya taso, wannan karon ta bar shi.

"Ranar da aka gwada nawa, ludayi aka ɗauko. Ni na ce a'a. Ina da sabon kwanon sha na aure, fari, mai fenti, ban taɓa cin komai a ciki ba. Na ce a yi a cikinsa, nonon ɗana na fari ba zai shiga tsohon ludayi ba." "Ke kwana goma sha biyu kika yi. Ni shekara ashirin da shida. Naki yana numfashi, tashi mu yi aiki."

Afiniki ba ta taɓa jin labarin kwanon ba. Ta tsaya da yaron a hannu tana kallon uwarta, sai Emilia ta daka mata harara ta ce me take jira. A nan barandar, gaban kowa, aka sa Kumai a nono. Ya juya kai, ya yi kuka, ya saba da roba. Aka sake. A karo na huɗu ya kama.

Emilia ta so ta jefa gwangwanin a masai a ranar. Da ta gaya wa Sista Hellen haka washegari, Sista ta ce kada ta kuskura. Nonon ya ja baya, ba zai ƙosar da shi ba tukuna. A ci gaba da madarar, cikakken awo yadda gwangwani ya ce, da tafasasshen ruwa, amma da kofi da cokali, kuma sai bayan ya tsotsi nono ya gaji. Kwalbar ce za a jefar. Emilia ta tambayi dalili, Sista ta ce ta je ta shinshina bakin robar. Ta je ta shinshina, ta juya cikinsa ta ga abin da ya daskare a lungun da yatsa ba ya kaiwa. Ta dawo ta ce Sista ta fi ta gaskiya a wannan. Sista ta ce a rubuta ranar a kalanda, sai ta tuna kalandar tana kallon bango.

Mako uku Emilia ta yi a Kafanchan, ciyawa tana cin gonar citta. Jonathan ya aiko sau biyu, ta ce a gaya masa citta tana sake tsirowa baɗi. Aikin ba mai daɗi ba ne. Yaron yana kan nono kusan kowace sa'a, Afiniki tana kuka da ciwo da gajiya, rana ta biyar ta ce ita ta haƙura, nonon ba zai dawo ba. Emilia ta ce ba a yanke hukunci da awo ɗaya, ta miƙa mata kunun tamba. Tagwai ta karɓi murhu, ba ta bari kowa ya taɓa tukunyar tafasa ruwa ba, tana dafa faten acca tana zagin Martins da yarensu duk lokacin da ya kunna rediyo. Martins bai ce ya yi kuskure ba. Amma ranar Asabar ya dawo daga kasuwa da ludayi biyu, ya ajiye a kabad kusa da kofunan tangaran, bai yi wa kowa bayani ba.

Zawon ya tsaya a kwana na huɗu. Awon mako na farko, laba shida babu kaɗan. Emilia ta ce bai isa a yi murna ba, ruwan da ya rasa ne ya dawo. Mako na biyu, shida da rabi, kuma madarar gwangwani ta koma sau biyu a yini. Duk zuwa sai an fara ɗora dutse, har matan benci suka sa masa suna Yayan Kumai, suna tambaya ko ya fara haƙori.

Labarin barandar ya zaga kwatas, ya kai Nok kafin Tagwai ta koma. An ce daga baya, idan aka kira ta gwajin nono, ba ta ƙi zuwa. Takan tafi da ludayi mafi kaushi da kofin tangaran guda, ta yi gwajin a duka biyun da ruwan randar gidan, ta bar masu gida su kalla, sannan ta tambaye su ko har yanzu suna son a taɓa nonon yarinya. Wasu sun ji, wasu sun nemi wata tsohuwar. Emilia da ta ji haka ta ce ko a kasuwa akwai matan da har yau ba sa jiran dutse.

Ranar awo na uku ruwa aka kwana ana yi, layin bai yi tsawo ba. Kwana biyar ke nan Kumai bai ɗanɗana gwangwani ba. Sista Hellen ta karɓi dutsen da kanta ba a roƙe ta ba, ta ɗora, ta ce bakwai, yadda ya saba. Ta sauke shi ta ɗora yaron, yana ta harbin iska yana tsala kuka mai ƙarfi. Allurar sikelin ta yi rawa, ta wuce bakwai, ta tsaya gaba da ita kaɗan.

Emilia ta sunkuya ta karanta lambar da kanta, sau biyu. Ta ɗauki dutsen a hannun hagu, ta karɓi jikanta a na dama, ta tsaya tana jin su. Sannan ta miƙa wa Afiniki yaron, ta ɗaure dutsen a zane, ta tambaya ko motar Kagoma ta tashi. Akwai ciyawa tana jiranta, akwai kuma maganar da za ta gaya wa Jonathan game da Silvanus, wadda ba ta so ya ji a bakin kowa sai nata.